Kwabo Mai Huji da Liyarin Kaka: Yadda Ake Gane Darajar Tsofaffin Kuɗi a Ƙasar Sanyinna

A Sanyinna da sauran garuruwan ƙasar Tambuwal da Kebbe, ba kasafai ake tunawa da tsofaffin kuɗin ƙarfe ba sai ranar da aka buɗe adakar wata tsohuwa da ta riga mu gidan gaskiya. A ƙarƙashin zannuwan saƙi sai a ci karo da ƙullin tsumma ko ɗan gwangwani. A ciki ga kwabbai masu huji, ga aninai, ga sulalla da suka yi baƙi ƙirin, wani lokaci har da wani faffaɗan farin kuɗi mai hoton mace, wanda aka liƙa wa kunne don a rataya a wuya. Malamin da zai raba gado ya san kuɗin akuya, ya san kuɗin gona, amma da an zo kan wannan ƙulli sai a tsaya ana kallon-kallo. Wani ya ce tarkace ne, a bai wa yara su yi wasa. Wani kuma, da ya ga bidiyo a waya, ya rantse cewa kwabo ɗaya mai huji zai sayi mota.

Duka biyun ba su dace ba. A irin wannan ƙulli akwai abin da ke da kuɗi, akwai wanda ba shi da shi, sai dai mutane kan ɗora burinsu a kan wanda ba shi ba. Kwabo mai huji da ake ta kururutawa, mafi yawansa bai taka kara ya karya ba a kasuwar duniya. Baƙaƙen sulallan da ake rainawa da wancan faffaɗan liyari kuwa, su ne masu azurfa a jiki, kuma su ne ake rabuwa da su a arha.

Daga wuri zuwa kwandala

Kafin a yi wa kuɗi farashi sai an san ko wane ne shi. Wannan yanki ya daɗe a kan hanyar fatauci. Tambuwal, garin Muhammadu Buhari ɗan Shehu Usmanu, tana tsakanin Sakkwato da Gwandu da Jega, kuma kasuwar Jega na cikin manyan kasuwannin Daular Usmaniyya a ƙarni na 19, inda ayarin fataken goro ke yada zango. Kuɗin wancan zamani wuri ne, wanda asalinsa daga tsibiran Maldibs na tekun Indiya yake. Ana ƙirga shi a ɗure a keso, dubu ashirin-ashirin. Babban ciniki kuwa, irin na doki ko raƙumi, yakan buƙaci abin da ya fi wuri sauƙin ɗauka, a nan liyari ya shigo, wato dalar azurfa ta ƙasar Ostiriya mai hoton Sarauniya Mariya Taresa. Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya ratsa daga Sakkwato zuwa Gwandu a watan Mayun 1853, ya rubuta cewa lokacin da yake Kano a 1851 ana canjin liyari ɗaya a kan wuri 2,500.

Bayan Turawan Ingila sun ci Sakkwato a watan Maris na 1903, sai suka hana shigo da wuri, suka matsa a riƙa biyan haraji da jangali da kuɗinsu. A 1907 aka fara buga wa wannan ƙasa kwabo da anini, masu huji a tsaka, da tauraro mai tsini shida a baya, da rubutun Larabci a gaba. Aninin farko da alminiyam aka yi shi, kuma yana cikin kuɗaɗen kashewa na farko a duniya da aka yi da wannan ƙarfe. Bai jure zufa da damina ba, don haka a 1908 aka koma gaurayen jan ƙarfe da nikel. A 1912 aka kafa hukumar kuɗi ta Afirka ta Yamma, wadda ta haɗa Nijeriya da Gwalkwas da Saliyo da Gambiya, a 1913 kuma ta fito da taro da sisi da sule da dala, dukkansu na azurfa, sule da dala ɗauke da hoton bishiyar kwakwar manja.

Babban Bankin Nijeriya ya fara aiki ranar 1 ga Yulin 1959 da nasa kuɗin: taro mai kusurwa goma sha biyu da hoton auduga, sisi mai koko, dala mai gyaɗa, duka da kan Sarauniya Elizabeth. Naira da kwabo suka zo ranar 1 ga Janairun 1973, naira ɗaya a matsayin sule goma. A 1991 aka mayar da kwabo hamsin da naira ɗaya na ƙarfe, a 2007 aka ƙara da naira biyu. Duk abin da za a tarar a adakar tsohuwa a Sanyinna ko Dogon Daji ko Jabo ko Kuchi, da wuya ya fita daga wannan jeri, sai fa ɗan abin da alhazai suka dawo da shi daga Makka da Sudan, ko tsohuwar dalar Faransa da ta tsallako daga Nijar.

Tsufa ba ita ce daraja ba

A Turai da Amurka da ƙasashen Larabawa akwai mutanen da tara tsofaffin kuɗi shi ne abin sha'awarsu, akwai kuma manyan gidajen gwanjo da ke rayuwa a kansu, irin su Spink da Noonans a Landan da Heritage a Amurka. Abu uku suke dubawa: ƙarancin kuɗin, lafiyar jikinsa, da yawan masu nemansa. Shekarunsa ba sa cikin lissafi sai ta gefe. Kuɗin Rumawa na tagulla da ya haura shekara 1,600 ana samunsa da arha saboda an tono shi da yawa. Dinarin Banu Umayya na shekarar 105 bayan Hijira, wanda rubutun jikinsa ya ambaci mahaƙar Amirul Muminina da ke Hijaz, an sayar da shi fam miliyan 3.72 a Landan a 2019, saboda 'yan ƙalilan ne suka rage a duniya, ga kuma attajirai da gidajen tarihi suna ribibinsa.

Babu misalin da ya fi kwabon 1936 fito da wannan magana fili. Sarki Edward na Takwas ya hau gadon Ingila a watan Janairun wannan shekara, ya yi murabus a Disamba. A can Ingila ba a kai ga sakin kuɗi mai hotonsa ba, sai 'yan gwaji kaɗan, shi ya sa aka sayar da fam ɗinsa na zinariya guda ɗaya a kan fam miliyan ɗaya a farkon 2020. Amma a Afirka ta Yamma, da yake kwabo da ɗari da anini ba sa ɗaukar hoton sarki, sunansa kawai, an buga su da sunan Edward na Takwas miliyoyi, aka watsa su kasuwanni. Mai irin wannan kwabo a Tambuwal zai ji labarin fam miliyan ɗaya ya ɗauka nasa ma haka ne, alhali a kasuwar masu tarawa abin 'yan daloli ne, in ma yana da lafiya. Akasin haka, akwai kwabon 1945 da aka buga bisa kuskure da sunan wannan sarki, shekara tara bayan saukarsa. Wannan kuskuren shi ya sa ake nemansa, domin kaɗan ne suka fita.

Saboda haka mai son sanin abin da ke hannunsa sai ya sa ido a kan ƙananan abubuwa. Ya duba shekara. Ya duba sunan sarki. Sannan ya nemi ɗan ƙaramin harafi da ke nuna gidan da aka buga kuɗin: H na nufin kamfanin Heaton da ke Birmingham, KN na nufin King's Norton, SA na nufin Pretoria ta Afirka ta Kudu, wanda ba shi da harafi kuwa galibi na gidan buga kuɗin gwamnatin Ingila ne. Kwabo biyu masu shekara ɗaya na iya bambanta a farashi saboda wannan harafi kawai, don wani gidan ya buga miliyoyi, wani ya buga kaɗan. Kundayen masu tarawa, irin wanda kamfanin Krause ya fara fitarwa a 1972, da shafin Numista na intanet, suna jera kowace shekara da adadin da aka buga.

Sai lafiyar jiki, wadda a nan ne mafi yawan kuɗinmu ke faɗuwa. Masu sana'ar suna da ma'auni daga 1 zuwa 70, wanda wani Ba'amurke, William Sheldon, ya tsara a 1949, kuma kamfanoni irin su PCGS da NGC suna duba kuɗi su ba shi lamba su rufe shi a cikin roba. Lamba 60 zuwa sama ta kuɗin da bai taɓa shiga hannun jama'a ba ce. Kwabon da ya yi shekara talatin yana yawo tsakanin mai ƙosai da mai goro, aka zura shi a igiya, aka binne shi a tukunya, rubutunsa ya shafe, yana can ƙasan ma'auni. Tsakanin sabo fil da gogagge na shekara ɗaya, farashi na iya ninkawa sau goma ko fiye.

Akwai ɓarnar da ake yi da kyakkyawar niyya. Uwar gida ta ga sule ya yi baƙi, sai ta ɗauko toka da lemun tsami ko ruwan tsamiya ta dirje shi har ya yi ƙyalli. A idon mai tarawa ta kashe shi, domin baƙin da shekaru suka ɗora masa shaida ce, dirzar kuwa tana barin ƙananan zane da tabarau ke nunawa. Haka huda kuɗi ko liƙa masa kunne. Daga ranar da aka yi masa haka ya tashi daga kayan masu tarawa, ya koma kayan ado ko kayan awo.

Inda kuɗin yake

Ko da kuɗi ya goge, ko an huda shi, azurfar jikinsa ba ta zuwa ko'ina. Wannan ita ce darajar da ba ta buƙatar wani Bature ya yaba, kuma kowa na iya lissafa ta.

Liyari cikakke nauyinsa giram 28 ne da ɗan ɗoriya, azurfarsa kashi 833 cikin 1,000, wato akwai tsantsar azurfa kimanin giram 23.4 a cikinsa. Sulen Afirka ta Yamma na 1913 zuwa 1919 giram 5.66 ne, azurfarsa kashi 925 cikin 1,000, tsantsarta ta ɗan haura giram 5. Dala ninkin sule ce, sisi rabinsa. Shekarar 1920 ita ce mai rikitarwa. Azurfa ta yi tsada bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, sai aka rage ta zuwa rabi, daga baya a cikin shekarar aka daina sa ta ɗungurungum, aka koma gaurayen tagulla mai ruwan ɗorawa. Duk sule ko dalar wannan hukuma da ta wuce 1920 babu azurfa a jikinta, haka na 1959, haka na zamanin naira. Sulallan Ingila kanta, masu kan Sarauniya Biktoriya ko Edward na Bakwai ko Joji na Biyar, waɗanda suka yi yawo a nan tun farkon zuwan Turawa, kashi 925 ne har zuwa 1919, rabi daga 1920 zuwa 1946. Tsohuwar dalar Faransa ta faran biyar giram 25 ce, kashi 900. Riyal ɗin azurfa na Sarki Abdul'aziz na shekarar 1354 bayan Hijira giram 11.66 ne, kashi 917.

Lissafin ba shi da wuya. A auna nauyi, a fitar da kason azurfa, a ninka da farashin giram na ranar. Ana faɗin farashin duniya a kan oza, oza ɗaya kuwa giram 31.1 ce, ke nan azurfar liyari ɗaya kashi uku cikin huɗu na oza ce. Mai saye dole ya rage wani abu don ribarsa da ladan narkarwa, amma wanda ya shiga ciniki da wannan lissafi a kansa ya san inda zai ce albarka da inda zai sallama.

Game da liyari akwai abin da ke ruɗin mutane. Kusan kowanne an rubuta 1780 a jikinsa, sai mai shi ya ɗauka ya shekara fiye da 240. Wannan ita ce shekarar da Mariya Taresa ta rasu, kuma tun daga nan aka ci gaba da buga shi da wannan shekara ba canji, saboda fataken Larabawa da Habasha da Sudan ba sa yarda da wani iri. An buga shi a Biyana, daga baya a Roma da Landan da Faris da Bombay, fiye da miliyan 300, har yau ma ana bugawa. Don haka farashin mafi yawan liyarai farashin azurfarsu ne, da ɗan ƙari in suna da kyau.

Wanda ya fi kowa sanin wannan a ƙasarmu shi ne maƙerin fari. Tun zamanin kakanni liyari da sule su ne azurfar da yake narkarwa ya yi zobe da munduwa da warwaro da kwalliyar linzami, su ne kuma matan Fulani ke jerawa a kitso da wuya. In ka kai masa kuɗi, ba ya fara duba hoto. Zai ɗora shi a kan ɗan yatsa ya ƙwanƙwasa da wani ƙarfe, ya kasa kunne. Azurfa tana da doguwar ƙara siririya, darma kuwa sai ta yi ɗif. Zai jujjuya shi a tafin hannu ya ji nauyi, ya duba gefensa ko akwai layin da ke nuna zubi aka yi a maimakon bugu, wani lokaci ya goga shi a dutse ya ga launin da ya bari. A yau ana iya ƙarawa da ƙaramin sikelin masu zinariya da maganaɗisu. Abin da maganaɗisu ya kama ba azurfa ba ne, amma rashin kamawa bai isa shaida ba, tunda tagulla da darma ma ba ya kama su. Sai dai a tuna, maƙeri farashin narkarwa yake bayarwa. In sule ya fito da rubutunsa tsaf kamar jiya aka buga shi, a dakata a bincika shekararsa da harafinsa kafin ya shiga wuta.

Jar zaiba da masu romon baka

To ina labarin kwabo mai sayen mota ya samo asali? Galibi daga tatsuniyar jar zaiba, wani sinadari da ake cewa yana ɓoye a cikin tsofaffin kaya, wai ana haɗa makamai da shi ko ana kiran aljanun dukiya. Babu wani binciken kimiyya da ya taɓa tabbatar da samuwarsa. A 2009 wannan jita-jita ta tashi a Saudiyya a kan tsofaffin kekunan ɗinki na Singer, mutane suka riƙa sayensu da dubban riyal kafin hukuma ta bayyana cewa damfara ce. A nan ma takan zagayo, yau a kan dutsen guga, gobe a kan tsohon rediyo, jibi a kan kwabo mai huji. Kwabon nan kuwa jan ƙarfe ne da nikel, na baya-bayan ma tagulla ce zalla.

Salon damfarar kusan iri ɗaya ne. Wani zai kira ko ya aiko saƙo ta WhatsApp ya ce akwai Bature ko Balaraben da ke neman kwabo na shekara kaza, zai biya miliyoyi. Bayan kwana biyu sai ga wani daban yana da irin wannan kwabo, yana neman ɗan abin da bai kai ko kusa ba. Mai kwaɗayi ya sayar da tumakinsa ya saya, daga nan wayar mai Bature ta daina shiga. Wani salon kuma shi ne a ce sai an biya kuɗin gwaji ko na rajista kafin a zo a ɗauka. Hausawa sun gama magana da suka ce kwaɗayi mabuɗin wahala. Mai saye na gaskiya shi ke biya, ba a biyansa.

Akwai kuma ruɗin da ba na ɗan damfara ba, na rashin sani. Mutum ya ga an sa kwabo irin nasa a eBay ko Facebook an rubuta dala dubu biyar, sai ya ɗauka farashinsa ke nan. Kowa na iya yi wa kayansa kuɗin da ya ga dama. Abin dubawa shi ne nawa aka saya, kuma shafukan gwanjo suna nuna cinikin da ya faɗa. Wanda ya taɓa kai sa kara ya san bambancin abin da mai kaya ya ambata da abin da aka sallama.

Haƙƙin magada da haƙƙin tarihi

Da yake azurfa ce, malamai suna da magana a kai. Nisabin zakkar azurfa dirhami 200 ne, wanda ake ƙiyastawa da giram 595, kusan liyari 26 ke nan. Tana cikin dukiyar da ake rabawa a gado, ba kyautar da za a miƙa wa wanda ya fara gani ba, kuma cinikinta hannu da hannu ake yi. Adalci shi ne a ware na azurfa daban, a auna a gaban magada, a ji ta bakin maƙeri fiye da ɗaya, sannan a yi musu kuɗi.

Doka ma tana da nata. Dokar Babban Banki ta 2007 ta hana lalata kuɗin da ake kashewa, na takarda da na ƙarfe. Dokar 1979 da ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa kuma ta hana cinikin kayan tarihi da fitar da su waje ba da izini ba. Wannan ya fi shafar abin da aka tono daga ƙasa. In manomi ya ci karo da tukunyar wuri ko ta sulalla a tsohon kufai, darajarta ga masana tana cikin kasancewarta a haɗe: inda aka same ta, irin tukunyar, da shekarar kuɗi mafi sabunta a ciki, wadda ke nuna lokacin da aka binne ta. Da an watsa ta a kasuwa wannan ilimi ya tafi. Akwai wuraren da za a nufa, kamar Cibiyar Tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato, da Gidan Tarihin Kanta a Argungu, da sashen tarihi na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Babban Banki ma yana da gidan tarihin kuɗi a Abuja.

Kwabbai da aninan da suka rage bayan an ware azurfa, tunda kasuwa ba za ta ba da abin kirki a kansu ba, babu dalilin rabuwa da su. A nannaɗe kowanne a takarda, a ajiye inda babu laima, a rubuta sunan mai shi da abin da dattawan gida suka tuna: sadakin wa aka biya da irinsu, harajin wace shekara, tiyar dawa nawa sule ke saya a lokacin. Waɗanda suka yi ciniki da sule da taro kafin 1973 suna nan da ransu a Sanyinna da Tambuwal da Kebbe, amma kullum raguwa suke yi. Farashin azurfa ana iya tambayarsa kowace rana a waya. Abin da dala ɗaya ke saya a kasuwar Jega a zamanin En'e kuwa, sai a bakinsu, kuma yanzu ne lokacin tambaya.